Ranar da Labaran Ya Kalli Bakin Baba

"Kai yanzu, Labaran, me ya kai ka?"

"Sailuba, ki tsaya ki ji..."

"Ba zan tsaya ba! Sau nawa na faɗa maka? Ka shiga zaure, ka durƙusa, ka sa idonka a kan tabarma, ka yi gaisuwa, ka fito. Wannan ma sai an shirya maka lacca?"

Ya yi tsuru-tsuru, ya rungume jakarsa. A gindin darbejiyar da ke bayan sashenmu muke, safiyar wata Litinin a shekarar 1989. Ina aji uku a jami'a a Samaru, ina karatun kimiyyar harshe. Labaran kuwa ɗan Gyallesu ne, yana digirinsa na biyu a kan maganar masu sana'a na cikin birnin Zariya. Shekara biyu muna tare, kuma ina son sa, son da ko ni kaina yakan ba ni kunya.

Ranar Asabar ɗin da ta wuce ne ya je gaida mahaifina, Malam Jumare, mai ɗinkin manyan riguna a Kwarbai. Daga wannan gaisuwar sai a ba shi izinin turo magabatansa. Abu mai sauƙi, amma Labaran ya san yadda ya yi ya jagwalgwala shi.

Laifin karatunmu ne, in dai za a faɗi gaskiya. Tun a aji ɗaya aka sa kowa ya sayi ɗan madubi, mu dinga kallon bakinmu muna ganin inda harshe ke taɓawa in mun furta sauti. Daga nan cutar ta kama mu. Mutum na yi maka magana, kai kana bin leɓɓansa da ido. Ni na iya ɓoye tawa in na koma gida. Labaran kuwa tasa ta yi nisa.

Da farko komai ya tafi daidai. Baba ya ji daɗin gaisuwar, har ya shiga yi masa bayanin rigar da ke kan cinyarsa, yana kiran sunan kowane ɗinki. Sai Labaran ya ɗago kai. Ya ƙura wa bakin Baba ido, ya matso, ya ƙara matsowa, sannan ya zaro ɗan littafi daga aljihu.

"Don Allah, Baba, a sake faɗa..."

Har sau uku! Baba ya ninke rigarsa ya ce, "To, sai an jima."

"Wallahi ban san na yi ba," in ji Labaran. "Kalmomin da nake nema wata takwas ne suka dinga zubowa, Sailuba. Kaina ne ya ɗauke."

"Ga shi kuwa ya ɗauke mana aure!"

Ya laluba jakarsa. Can ya ciro littafin ya miƙo mini. "Da na koma gida na rubuta duk abin da ya faɗa kafin in manta. Ki riƙe. Ni yanzu ko buɗe shi ba na iyawa."

Na fizge na tafi ba tare da sallama ba, amma ban kai ƙofar aji ba hawaye suka zubo.

Ranar Juma'a na koma gida. Inna ta ja ni ɗaki ta rage murya.

"Babanku ya ce ba zai ba da 'yansa ga yaron da ya zo ƙirga mishi haƙora ba."

"Haƙora kuma, Inna?"

"Ke kin manta? Tun da na gaban nan biyu suka fita da damina, ko mai goro ba ya son ya tsaya hira da shi. Shi a ganinshi wawulon ne yaron ya zo kallo."

Dariya ta kuɓuce mini, Inna ma ta taya ni tana toshe baki da gyale. Amma dariyar ba ta daɗe ba. Na san Baba. In ya ce a'a, ba ya ɗaga murya, ba ya kuma sakewa. Ni kuma ba zan taɓa auren wanda bai sa wa albarka ba, ko da zuciyata za ta tsage biyu.

Washegari da hantsi na karɓi kunun Baba daga hannun Inna na kai masa zaure da kaina. Yana zaune a inda ya saba, allura a hannu, tabarau a ƙarshen hanci. Na ajiye kwanon, na durƙusa, na ƙi tashi.

"Akwai magana ne?"

"Baba... ba haƙoranku ya kalla ba."

Ya haɗa rai. "Wa ya ce miki maganan haƙora ne?"

Na yi kamar ban ji ba. Na ba shi labarin madubin, na ce mu a wurinmu bakin mai magana shi ne littafi, wanda aka fi girmamawa shi aka fi kallo. Allurarsa na ta shiga tana fita. Da na ga haka sai na buɗe littafin Labaran na fara karantawa.

Shafi uku ne cur. Yadda Baba ya yi bayanin ɗinkin aska biyu da na aska takwas, yadda ya yabi zaren tsamiya ya kushe na kanti, har da "ka gane ko?" ɗinsa da yake sakawa a ƙarshen kowace magana. A hankali allurar ta tsaya.

"Wannan ai ni ne," ya ce.

"Ku ne, Baba. Ga sunanku ma a sama. Malam Jumare, Kwarbai."

"Ina za a kai shi?"

"Ɗakin karatu na jami'a. Duk mai son sanin ɗinkin Zazzau, nan zai duba."

Ya cire tabarau ya goge. "Yayyenki uku, ba wanda ya taɓa ce mini in sake faɗa. Ina magana suna duba agogo." Ya yi ajiyar zuciya, sannan ya ce, "Koma baya kaɗan. Wurin ɗinkin tambari."

Na koma na karanta.

"A'a! Subhanallahi! Wa ya ce mishi daga tsakiya ake fara shi? Ni na ce haka?"

"Wataƙila mantuwa ya yi, Baba..."

"Mantuwa da sunana a sama? Shekara arba'in ban taɓa sakin riga da karkataccen ɗinki ba, yanzu a je a ajiye ni a jami'a a karkace? Aika a kira shi. Gyara zai zo yi, ba wani abu ba, ki ji da kyau!"

Na ji da kyau. Na kuma fita da gudu har ina tuntuɓe da dokin ƙofa.

Bayan azahar Labaran ya iso a kan babur ɗinsa, ya yi zuru-zuru kamar mai jinya. Ni da Inna muka laɓe a bayan ƙyauren da ke shiga cikin gida. Ya durƙusa, ya manna idonsa a tabarma, ya shiga ba da haƙuri. Baba ya katse shi ya fara bayani. Labaran bai motsa ba, ko biro bai ciro ba.

"Kai, tabarman ce ke maka magana?"

"A'a, Baba..."

"To ɗago ka duba da kyau. In ka sake rubuta mini kuskure, ni da kai ne!"

Ya ɗago. Har aka kira la'asar suna abu ɗaya, Baba na faɗa yana maimaitawa, Labaran na rubutu yana tambaya. Sau biyu na ji dariyar Baba, irin wadda muka yi wata da watanni ba mu ji ba.

Da suka miƙe za su masallaci, Baba ya tsaya yana sa takalmi.

"Ka faɗa wa manyanka su zo ranan Lahadin sama."

Labaran ya zube ƙasa. "Baba... na gode! Allah ya ƙara girma!"

"Kai kuma gobe ka zo da wuri. Ko wuyan riga ba mu gama ba."

Na faɗa jikin Inna ina kuka, ita kuma tana dukan bayana tana cewa, "Ke, yi a hankali mana, za su ji!"

Bayan babbar Sallah aka ɗaura aurenmu. Rigar da Labaran ya sa ranar, Baba ne ya ɗinka ta da hannunsa. Wata huɗu ya yi a kanta, angon na zaune a gefensa yana tambayar sunan kowane zare.