Kujera ta Uku

Yammacin ya fara kamar kowane yammaci. Inna tana zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakinta da carbi a hannu, rana ta yi ja a saman katanga, kaji sun fara neman akurki. Daga ɗakin ƙarshe, wanda ɗan haya ya tashi ya bari tun bara, muryar Auta ke fitowa tana zuba bayani cikin harshen makaranta.

Auta ce ƙaramar 'yar gidan, kuma kwanaki kaɗan suka rage ta tsaya gaban malamai ta kare kundin digirinta na biyu. An sha ɗaga mata ranar. Wannan karon an gaya mata in ba ta zo ba wa'adinta ya ƙare, duk shekarun sun tafi a banza. Shi ya sa ta share ɗakin nan, ta jera kujerun roba uku, kullum ta tsaya gabansu tana gwaji. Ta farko ta malamin da ke duba aikinta ce, ta biyu ta baƙon malamin da za a kawo daga wata jami'a. Ta uku kuwa ta ajiye wa Inna.

"Zo ki zauna kawai, Inna, ko ba ki ji ba. In ga fuskar mutum."

"Ni da na koyi karatu a jikin kwalin sabulu?" in ji Inna tana dariya. "Raba ni da abin kunya. Je ki yi da kujerunki."

Haka Auta ta ci gaba da kujerunta. In ta kai ƙarshe sai ta ɗan rusuna, ta ce cikin wasa, "Bismillah, malamai, mai tambaya ya yi."

Ranar nan ta faɗa daidai lokacin da ladan ya ɗaga murya. Inna ta ji ƙafar kujera ta karci siminti, a hankali, kamar wani ya gyara zama. Ba ta ji motsin Auta ba. Can sai tsakuwa ta faɗo a kan kwano, ta gangaro, ta tsaya a gefen tabarma. Inna ta ɗauka. Da ɗumi a jikinta, kamar an daɗe da riƙe ta a tafin hannu.

Daga ranar magariba ta zama abin tsoro a gidan. Da Auta ta yi tuntuɓe a bayaninta sai tsakuwa ta sauka a kan rufi. Yayanta, mai gyaran lantarki, ya hau tsani ya leƙa, bai ga komai ba sai tsatsa.

"Ɓeraye ne suka zo ɗaukar darasi," ya ce. "Farfesa, ki riƙa ba su hutun rabin lokaci."

Shi kaɗai ya yi dariyar. Ya kwaso kujerun, ya kifa su a bayan tankin ruwa, ya ja ƙofar. Washegari da yamma suna ciki a jere, ta ukun ta ɗan matso gaba. Yaya bai sake yin barkwanci ba.

Inna ta hana shiga ɗakin, amma da rana ta karkata sai ƙafafun Auta su kai ta. A waje kuwa bakinta ya rufe. Za ta yi gaisuwa, za ta nemi ruwa, amma da an taɓo maganar kundin sai harshe ya yi nauyi. Malaminta ya kira a waya ya ce ta maimaita masa gabatarwar, ta buɗe baki, ba abin da ya fito sai iska. Ta rame, idanu suka faɗa. Wata yamma Inna ta tsaya a bakin taga, ta ji 'yarta ta yi shiru don ta haɗiyi yawu, sai wata murya ƙasa-ƙasa, busasshiya kamar ganyen da aka taka, ta ce, "Ci gaba."

Ana gobe za a yi zaman, suka iske Auta zaune a kujera ta uku. Ta harɗe ƙafafu, ta tallabe haɓa irin na tsofaffi, ta zuba ido a wurin da ta saba tsayawa. Inna ta kira ta, ba ta waiwayo ba.

Yaya ya tafi ya zo da Malam, wani dattijo mai sanyin magana da ke karantar da manya a unguwar. Ya cire takalmi, ya yi sallama kamar mai shiga gidan mutane, ya zauna a ƙasa. Ya daɗe yana karatu. Hasken taga ya koma toka-toka, kaji suka yi tsit, tsakuwa ta riƙa sauka a kan kwano ɗaya bayan ɗaya har ta daina. Sai Auta ta yi tari irin na wanda ya tsufa.

"Ya isa, dattijo. Kana ƙona ni a banza."

Inna ta dafe bango. Bakin 'yarta ne, amma muryar nan ce ta bakin taga.

"Me ya kawo ka jikin baiwar Allah?" in ji Malam.

"Ban shiga ba sai da aka ce bismillah. An share ɗaki, an ajiye kujera, an ce mai tambaya ya yi. Na daɗe a kusurwar nan, ba mai ce mini ci kanka. Ɗan hayar nan rediyo kawai ya sani. Ita kuwa tana tsayawa ta yi mini bayani da ladabi."

"To ka ji bayanin. Sake ta, gobe tana da zama."

"Shi ne ba na so. In ta je can ta gama. In ta gama, shiru zai dawo."

"Ba naka ba ne ka riƙe."

"A bar mini magariba kawai. Sauran yinin naku."

"A'a."

"Yamma ɗaya a mako."

"Ko ƙiftawar ido." Malam bai ɗaga murya ba. Ya dubi kujerun, ya daɗe yana dubansu. "Wannan da kake kai, taka ce?"

"Ba kowa a kanta."

"Ba shi na tambaye ka ba. Wa aka ajiye wa?"

Kan Auta ya juya a hankali, idanun suka sauka a kan Inna.

"Mai ita ta ce ba ta so."

"In mai wuri ya zo fa?"



"Mai tabarma sai ya naɗe," in ji muryar. "Amma ta zauna da gaske. Ta ji har ƙarshe, ta yi tambaya ta gaskiya. In zaman kunya ta yi, ina nan kusa."

Jikin Auta ya sulale, Yaya ya tare ta kafin ta kai ƙasa. Kujerar ta rage ba kowa. Inna ta dube ta. Ta yi bismillah a ranta, ta taka, ta zauna. Sanyi ne da ita kamar gindin randa, sanyin ya ratsa zane ya kama ƙashi. Ba ta tashi ba.

Malam ya shafa wa Auta ruwa a fuska, ta buɗe ido.

"Inna? Me kike yi a nan?"

"Na zo jarrabawa. Tashi ki tsaya. Amma da harshen gida za ki yi, yadda zan ji."

Auta ta miƙe da kyar. Ta buɗe baki. Kalma ta fito, wata ta biyo ta. Ta yi bayanin ƙwarin da ke cinye hatsi a ajiya, da buhun da ba ya barin iska ta shiga, da yadda ta gwada a ɗakin bincike, wasu gwaje-gwajen suka lalace ta sake. Ta yi tuntuɓe, kwano bai yi ƙara ba. Da ta kai ƙarshe sai ta tsaya, tana tsoron bismillar nan da ta saba rufewa da ita.

"Ina da tambaya," in ji Inna. "Ƙwarin nan, in an toshe musu iska, mutuwa suke yi ko barci? In an buɗe buhun ba za su farka ba?"

"Manyan mutuwa suke. Ƙwan ne ke daɗewa, Inna. Shi ya sa ba a saurin buɗewa."

Inna ta gyaɗa kai. A kusurwar ɗakin wani abu ya yi ajiyar zuciya. Ƙofar ta motsa kaɗan, kamar an raɓa ta an wuce, kujerar ta fara ɗaukar ɗumin jikin Inna.

Washegari Inna ta sa mayafinta mai kyau, ta zauna a layin baya na zauren. Ba ta ji ko kalma ɗaya ba, amma duk sa'ad da Auta ta ɗago ido sai ta sami fuskar mutum. Muryar Auta ta fita tar. Da shugaban zaman ya juyo ya tambaya ko akwai mai magana a cikin masu sauraro, Inna ta lura kujerar da ke gefenta ba kowa. Ta ɗora jakarta a kai, ta danne da hannu har aka tashi.

Aka ce Auta ta ci. Yaya ya manta inda yake ya yi kabbara, abokan karatu suka rufe ta. Inna ta yi hamdala, ta ɗaga jakarta. A ƙarƙashi akwai 'yar tsakuwa.

Ba ta taɓa ta ba. Ta je ta kama hannun 'yarta, suka fita cikin rana, ba ta waiwaya ba.