Likkafanin Hajiya Maimunatu

Da la'asar sakaliya jirgin ƙasa ya sauke su a Kosti, ƙasar Sudan. Alhaji Gidaɗo na Kusada da matarsa Hajiya Maimunatu suna kan hanyar komawa gida ne daga Makka, shekara biyu bayan ƙasarsu ta samu mulkin kai. Kwana biyu suka yi a taragon talakawa, tsakanin awaki da busasshen kifi da aman yara, Maimunatu ba ta sa komai a bakinta ba. Mace ce mai ƙyanƙyami, wadda ko a gida ba ta shan ruwa da ƙwaryar maƙwabciya. Abu ɗaya ke sanyaya mata rai: a ƙasan akwatinta akwai likkafaninta, farin alawayyo da ta tsoma a ruwan Zamzam da hannunta. Duk ƙazantar duniya za ta jure, in dai a cikinsa za a kai ta makwancinta.

Jirgin da zai wuce da su garin Nyala sai bayan isha'i. Gidaɗo, wanda sisi ba ya fita hannunsa ta daɗi, ya kama musu ɗaki mafi araha a bayan tasha. Zarnin fitsari ne ya fara yi musu maraba. Bango duk shatin majina da tofin taba. Gadon igiya ne guda, kuɗin cizo na yawo a kai ko kunyar ido babu.

"Alhaji, nan za ka aje ni? Ko akuya ta hi ƙarhin ɗakin ga."

"Haƙuri dai, Hajiya, ba kwana za mu yi ba. Bari in tahi masallaci."

Yana fita ta ari tukunya a tsakar gidan, ta tafasa ruwa a kan gawayi. Haka ake yi wa kuɗin cizo a Kusada. Ta kuma san doka, don mahaifiyarta Sa'a ta sha gaya mata: ba a zubar da ruwan zafi da almuru, in ya zama dole a yi bisimilla, a nemi gafarar masu wurin. Sai ta taɓe baki. Wai ita a nata wayon, a ƙasar Larabawa wa zai ji gafarar Hausa?

Ta sheƙa ruwan a kan gadon.

Wani siririn kuka ya taso daga ƙarƙashi, kamar na jinjiri. Ya yanke.

Sai ƙarni ya biyo baya, irin na kazar da aka tsoma a tafasasshen ruwa za a fige. 

Hannu ya fito daga ƙarƙashin gadon. Dogo ne, a jiƙe. Mace ta biyo shi da jan ciki, gashi ya rufe mata fuska. Tana rungume da wani ɗan abu, fatarsa na saɓulewa tana manne mata a ƙirji.

"Maimunatu ɗiyar Sa'a," ta raɗa, da Katsinanci tsantsa. "Ko gahwara babu?"

Matar ta juya wajen akwatin.

"Ba ni ƙyalle in suturta ɗana."

Akwati ya buɗe da kansa. Hannun nan ya ratsa turamen zane, ya ratsa tsarabar dabino, ya zaro likkafanin.

Maimunatu ta yi wuf ta kama gefe ɗaya. "Banda wanga! Ɗauki komi!"

"Mi ya hi shi tsarki cikin kayanki?"

Yatsun suka sauka a bayan hannunta, masu ɗumi da yauƙi. Ba tsoro ne ya sa ta saki ba, ƙyama ce.

Ta faɗa waje tana kelaya amai, ta yi karo da Gidaɗo. Ya leƙa ɗakin, bai ga komai ba sai jiƙaƙƙen gado. Ya saɓo akwati yana mita, suka nufi tasha.

Sai da jirgi ya ɗau hanya ta buɗe akwatin. Likkafanin na nan a ninke tsaf. A tsakiyarsa akwai danshi, shatin ɗan ƙaramin jiki, da ƙarnin nan.

A Kusada ta wanke shi da toka da sabulun salo har hannunta ya tsage. Ta ƙone shi. Ta sayi sabo a kasuwar Kankiya, kwana ɗaya shatin ya fito. Sau huɗu tana saye, sannan ta haƙura. Ta roƙi 'yarta Saudatu abu guda: ranar da ta cika, a yanko alawayyo daga kanti a kawo kai tsaye, kada ya kwana a gidan.

Haka aka yi, bayan shekara goma sha ɗaya. Saudatu da kanta ta karɓi yadin daga hannun ɗan aike, sabo ƙal, yana ƙamshin kanti. Da suka warware shi a gefen gawar, Jamilatu mai wankan gawa ta kai gefen mayafinta ta toshe hanci.