Rajistar Tungar Manu

Ranar da aka fara jifa a gidan Labaran, akawun ofishin wuta, babu abin da ya bambanta ta da sauran ranakun Talata Mafara. An idar da sallar magariba, injin wutar gari ya tashi da tarin da ya saba, ƙwan lantarkin da ke rataye a tsakar gida ya yi ja, ya daɗe yana shawara, sannan ya kama. Turai na kwashe tuwon dawa. 'Yarsu Taiba, mai shekara goma sha uku, na tsugune a gindin randa tana wanke kwanoni. Shi kuwa maigidan yana kan tabarma ya miƙe ƙafafu bai ce uffan ba, don dama ba mai yawan magana ba ne, shekarun nan kuma abin ya ƙaru.

Dutsen farko ya faɗo a kan rufin kwano, ya gangaro a hankali. Turai ta ɗaga kai ta aika wa 'ya'yan maƙwabta abin da ya sawwaƙa ta saman katanga. Na biyu ya dira a gefen tabarma. Labaran ya ɗauka ya jujjuya shi. Jiƙe yake sharkaf, da gansakuka a jikinsa, yana warin taɓo, alhali rabon garin da ruwan sama wata biyar ke nan.

"Maigida, wa ka jihwa haka?" in ji Turai.

"Yara na. Ci gaba da aikinki."

Ya san ba yara ba ne. Ya san warin nan, warin bakin dam ne. Amma bai ji tsoro ba, bai ji komai ba ma. Ya ajiye dutsen, ya wanke hannu, ya ci tuwonsa.

Labaran mutumin Tungar Manu ne, wani ɗan ƙauye a ƙasar Maradun, wanda yau in kana son ganinsa sai ka iya nutso. Shekara tara ke nan da aka gina dam aka tare ruwan Bakolori, ya hau gonaki, ya hau rumbuna, ya hau masallaci, ya hau maƙabartar da mahaifinsa Bawa ke kwance. Mutanen suka watse, wasu sabon matsuguni, wasu Bakura, tsofaffi kuwa yawancinsu ba su ga damina biyu ba a inda aka kai su. Labaran ya tsaya a kan tudu ya ga ruwan ya rufe kan tsamiyar ƙarshe, idonsa a bushe. Tun daga ranar wani abu ya daskare a ƙirjinsa. Ya samu aikin akawu saboda ya yi makaranta, yana zuwa, yana dawowa, yana karɓar albashi, kamar mai yi wa wani aiki da jikinsa.

Ofishin na gwamnati ne, kuma kowa ya san yadda kayan gwamnati ke rayuwa. Talaka ya biya kuɗin wuta wata ɗaya ya tsallake biyu, manyan ma'aikatu kuwa ba su ma san ana biya ba. Hedikwata na raba man inji da kayan gyara gwargwadon yawan gidajen da ke cikin rajistar kowane gari, kason Mafara kuwa bai kai ko'ina ba, injin ya yi kwana uku yana aiki ya yi huɗu yana barci. Shekara uku da suka wuce manaja Ɗantala ya kira Labaran, ya tura ƙofa, ya ce a ƙara gidaje ɗari a littafi. Ba sata ba ce, in ji shi, ko kwabo ba zai shiga aljihun kowa ba, mai kawai za a ƙara wa gari.

Labaran ya zauna da biro zai ƙago sunaye, suka ƙi zuwa. Mutumin da bai iya ƙarya ba ko ƙaryar ma sai ya nemo ta daga gaskiya. Sai ya rubuta abin da ya sani. Ya fara daga ƙofar gabas, gidan Manu mai gari, gidan Jatau maƙeri, ya bi ta bayan masallaci, gidan Hindu mai fura inda babbar tsamiya take, ya sauko lungunsu, gidan Bawa. Da ya kai ƙofar yamma gidaje ɗari da tara ne, bai tsallake ko ɗaya ba.

Duk ƙarshen wata sai ya rubuta wa kowane gida takardar kuɗin wuta. Kuɗin da ba a biya ba sai a shigar da shi cikin abin da ofis ke bin jama'a, rahoto ya yi nauyi, hedikwata ta ƙaro mai, gari ya samu ƙarin awa biyu na haske. Takardun kuwa babu inda za a kai su, sai ya riƙa zuwa da su gida yana zubawa a adakar ƙarƙashin gado. Abin da bai taɓa faɗa wa kowa ba shi ne, a duk wata ranar nan kaɗai yake jin yana da rai. Yana rubutu yana bin gari gida gida, kamar mai zagayen gaisuwar sallah.

Jifan ya yi kwana bakwai. Kullum da tashin inji yake farawa. Ƙwan gidansu ya riƙa dusashewa alhali na maƙwabta na haske tar. Da safe Turai kan tarar da sawun ƙafa jiƙaƙƙe daga zaure har bakin gado, ya tsaya daidai adaka. Akwai kuma ƙus-ƙus a bayan ɗaki, ba faɗa ba, ba kuka ba, irin maganar mutanen da suka daɗe a layi suna jira. Turai ta yi turare, ta yi addu'a, ta rame. Labaran yana ji, yana gani, yana tafiya ofis.

A magariba ta takwas Taiba ta faɗi a gindin randa. Da suka ɗaga ta, kitsonta na ɗigar ruwa, jikinta sanyi ƙalau. Ta buɗe ido ba ta kalli kowa ba. Muryar da ta fito daga bakinta ta tsoho ce, mai nauyi, a hankali.

"Gidan Manu. Gidan Jatau maƙeri. Gidan Abdu mai jaki. Gidan Hindu mai hura."

Haka ta bi su har ɗari da tara, ta koma farko. Yarinyar da aka fito da ita daga ƙauyen tana shekara huɗu, ko sunan garin ba a ambata a gabanta.

Kwana shida ba ta ci ba. Tabarmar da aka kwantar da ita kullum jiƙe, a sauya wata ita ma ta jiƙe. An kai ta asibiti, aka duba, aka ba da magani, aka dawo da ita yadda aka kai ta. Tana ƙanƙancewa a gabansu, leɓunanta sun yi fari kamar na wanda ya daɗe a cikin ruwa.

"Ka san sunayen ga," in ji Turai. "Ni ma na san su. Abin da ban sani ba, wa yat taso su."

Ta dubi Labaran ta daɗe, ta ɗauki mayafinta ta hau mota zuwa Bakura.

Da la'asar sakaliya ta dawo da Malam Hayatu, wani dattijo siriri da aka sani da karatu a kan masu irin wannan lalura. Aka yi gaisuwa mai tsawo a zaure, ta gida da ta gajiya da ta mai jiki. Malam ya shiga, ya taɓa tabarmar, ya shinshina yatsunsa. Bayan magariba ya zauna a gefen kan yarinyar ya fara karatu, murya ƙasa ƙasa. Can injin gari ya tashi. Ƙwan ya yi ja ya tsaya a nan. Taiba ta tashi zaune.

"Assalamu alaikum," in ji Malam. "Da wa nika magana?"

"Wa alaikumus salam. Mazaunin tsamiyar gidan Hindu na. Tun ba a aza tubalin Tungar Manu ba nike wurin."

"Mi ya kawo ka gidan bayin Allah, kana jihwa, kana wahal da ƙaramar yarinya?"

"Kira na anka yi. Da ruwa yaz zo, mutane sunka tashi, mu munka zauna. Mun haƙura da duhu, mun yi shiru, ba mu nemi kowa ba. Sai ga shi duk ƙarshen wata ana kiran gida gida da suna, ana cewa an sha wuta ba a biya ba. Gidajen ba kowa ciki sai mu, to da mu ake. Mu ba mu cin haƙƙin mutane, Malam. Shekara ukku muna jin ana ƙara muna bashi. Shi na munka biyo takardun mu ga wutar da anka ce mun sha."

Malam ya juyo ya dubi Labaran. Labaran ya sunkuyar da kai, ya faɗi yadda aka yi, daga farko har ƙarshe, murya ba hawa ba sauka, kamar mai karanta rahoto. Turai ta toshe bakinta da mayafi.

"Ka ji," in ji Malam ga mai maganar. "Kuskure na ɗan Adam. Ku yi haƙuri ku koma."

"A ja muna waya har ƙarƙashin ruwa, mu ga haske, mu biya."

"Ka san wanga ba ya yiwuwa."

"To a ba mu yarinyar. Littahi ya ce akwai mutum gidan Bawa. Jikanyatai ta, ta zo ta zauna, maganar littahi ta zama gaskiya."

Turai ta saki ƙara. Malam ya ɗaga murya da karatu, ya daɗe yana yi, jikin yarinyar na karkarwa, ruwa na kwarara daga kitsonta har ya bi ta ƙarƙashin ƙofa. Muryar ta yi nishi, ta roƙi a sassauta.

"Kana iya ƙone ni, Malam, na sani. Amma ɗari da takwas na bayana, kowane da takardatai. Wata na ƙarewa za a sake kiranmu."

Malam ya tsagaita. "Hwaɗi abin da ka raba mu da ku har abada."

"Hannun da yar rubuta, shi goge. Cikin babban littahin, ba waɗanga takardu ba. Gida gida, shi hwaɗi da bakinai cewa ba kowa. In ya gama mun tahi, na yi rantsuwa da Wanda yay yi mu da ku."

Malam Hayatu ya jingina da bango, gumi na bin gemunsa. "Labaran, daga nan ba aikina ba na. Naka na."

Labaran ya san abin da zai biyo baya. Za a tambayi inda gidaje ɗari da tara suka shiga, manaja zai ce bai san zancen ba, aikin zai tafi. Wannan bai dame shi ba. Abin da ya riƙe shi a zaune shi ne, a duk faɗin duniya littafin nan ne kaɗai wurin da Tungar Manu ke tsaye da ƙofofinta. Ya dubi 'yarsa, ya ga yatsunta sun yi yaushi sun tattare. Ya tashi ya ɗauki makullin ofis.

Ya dawo da rajistar a hammata, da rula da jan biro. Ya zauna ƙarƙashin ƙwan da ke ja, ya buɗe.

"Gidan Manu, ba kowa." Ya ja layi.

"Gidan Jatau, ba kowa."

A kowane layi ana jin ƙus-ƙus ɗin bayan ɗaki na raguwa. Ya wuce masallaci, ya wuce gidan Hindu, ya sauko lungunsu. A nan biron ya tsaya. Ya ga zauren, ya ga buzun da tsohon ke zama a kai, ya ga inda yake jingine gatarinsa. Shekara tara bai ji zafin komai ba, yanzu ya zo masa gaba ɗaya.

"Maigida," in ji Turai a hankali. "Don Allah."

"Gidan Bawa," ya ce. "Ba kowa."

Sauran ya gama su ba tsayawa. Da ya ja layi na ƙarshe, a ƙofar yamma, muryar ta ce, "Mun tahi. A yahe juna." Taiba ta yi atishawa sau uku, ta zube jikin uwarta. Ƙwan ya kama da haske. Can ta buɗe ido ta ce da muryarta ta yarinya, "Inna, sanyi nika ji."

Yadda ya zata haka aka yi. Manaja ya rantse bai taɓa ganin shafukan ba, aka sallami Labaran, hedikwata ta rage mai, injin ya koma mutuwa tun ana fitowa daga sallar isha, mutanen gari suna zagin wanda ba su sani ba. Takardun adaka Turai ta hura wuta da su. Labaran ya samu aikin rubuta buhuna a wurin wani mai sayen shinkafa. Ba a sake jifa ba, Taiba ta mayar da jikinta, ba ta tuna komai.

Ranar ƙarshen wata, bayan magariba, yana zaune a tabarma hannunsa ba abin yi, ta kawo masa tuwo ta zauna gefensa da nata kwanon.

"Baba, Inna ta ce muna da wani gari da ruwa ya ci. Yaya yake?"

Ya gyara zama. "In kin shigo ta ƙohwar gabas, gidan Manu na hwarko. Sai gidan Jatau maƙeri. Sai..."

Ya tsaya. Ya koma ƙofar gabas ya sake shigowa, ya sake tsayawa a wuri ɗaya. Ya nemi masallacin, ya nemi lungunsu, babu komai sai ruwa shimfiɗe. Taiba na kallon bakinsa tana jira. Can injin gari ya yi tari biyu ya mutu, duhu ya rufe tsakar gidan.

"Sai gidan wa, Baba?"

"Ci tuwonki," in ji shi. "Zai huce."