Taimama a Gindin Aduwa

Habsatu mai saƙar tabarma ce ta fara ganin kayan. Ta shiga Gulbin Kaba da safiyar Laraba neman kaba, sai ga takalmin Mushe Isma'ila a gindin wata aduwa, an jera su tsaf, ga gorar ruwansa a cike. Mai kayan kuwa ko ƙyallinsa babu.

Kowa a Tasawa ya san Mushe, kamar yadda muke kiran malamin boko a nan. Tun da ya bar koyarwa a lakwal yake ratsa gulbin da ƙafa duk bazara, yana ƙidaya goruba yana rubutawa a karne, ɗan littafinsa na aljihu, don a san nawa ɓarayin itace suka sare. Ran Litinin ya fita, ya ce wa iyalinsa zai kwana gida. A zafin bazara, mutumin da ya rabu da gorarsa kwana biyu, sai dai a yi masa addu'a.

Ajudan Kabiru na jandarma ya iso da mota, amma rairayi ya hana ta shiga. Ya sauka, ya hana kowa taka wurin, sannan ya aika a kira masa Tanna. Tsohuwar makiyayiya ce, ƴar ƙanƙanuwa, mai faɗa kamar me. Mu a nan muna tinƙaho da ita, don raƙumi bai taɓa ɓata mata ya kwana uku ba.

Kafin ta iso ya tambayi mutum biyu. Na farko Ahmadu, makiyayin da suka yi cacar baki da Mushe kan sassabe gawo.

“Ina kake ran Litinin?”

“Kasuwar Mayahi, Shef. Mutum ɗari sun gane ni, har hwaɗa na yi da dillali.”

Waya ɗaya Kabiru ya buga, dillalin ya tabbatar, har da ƙarin zagi. Ahmadu ya fita daga zargi.

Na biyu Muddassir mai amalanke, wanda ya kawo kansa ba a kira shi ba.

“Ni na ga Mushe da idona,” in ji shi. “Ina wucewa bisa hanya da la'asar, yana salla nan gindin iccen ga. Wallahi iskokin wurin ne sunka ɗauke shi.”

Jama'a suka hau salati. Tanna da ta iso ana cikin maganar ta yi tsaki, ta durƙusa. Iska ba ta taso ba kwana biyun nan, ƙasa ta riƙe komai. Ga layin da matafiyi ke ja ya yi masallaci, ga gurbin gwiwa da goshi, ga shaidar tafin hannu biyu a gefe. Ta daɗe tana duban hannayen, ta jijjiga gorar.

“Inna, gaba za mu nema?” in ji Kabiru.

“Baya, ɗana. Inda takalmin ga ya hito za mu. Kuma mai amalanken nan shi biyo mu.”

Suka bi sawun da baya. Tafiya ce ta fitar rai. Tudun rairayi na cinye ƙafa har idon sawu, ƙarangiya ta cika wandon Kabiru, kaba tana yankar ƙwauri. Jandarmomi biyu matasa suka fara haki, tsohuwa kuwa tana gaba da sandarta, ko waiwaye ba ta yi. Inda suka hau fako sawu ya ɓace, sai ta bi tsakuwar da aka ture daga gurbinta har ta sake kama shi. A wani kwari ta tsaya ta nuna ƙasa.

“Duba duddugen. Yana ja. Takalmin ya yi wa wanda ya saka shi yawa.”

Bayan azahar suka faɗa wani lungu. Kututturen goruba goma sha ɗaya, sabon sara, ga sawun amalanke ya nutse saboda nauyi. Can gefe akwai tsohuwar rijiya da ta ƙafe, an rufe bakinta da ganyen kaba. Kabiru ya yaye ganyen, ya ƙwala kira. Shiru. Ya sake kira. Sai wata murya kamar ta ɗan akuya ta amsa daga ƙasa.

Da igiya da rawani aka fito da Mushe Isma'ila, ƙafa a karye, leɓe a tsage, ya kasa haɗa kalma biyu. Karnensa na cikin riga, ya danne shi da hannun hagu, hannun nan mai yatsa huɗu da injin niƙa ya taɓa cin ƙaraminsa.

Tanna ta share ƙasa da tafinta, ta dubi Muddassir.

“Aza hannunka nan.”

Ya yi turus. Kabiru ya kama wuyan hannun ya danna. Yatsa biyar cif, da tsagin tsohon sara a tsakiyar tafin, irin wanda ke gindin aduwa sak.

“Mushe ya iske ka kana sara, ka raba shi da takalmi da gora, ka tura shi rijiya,” in ji Tanna. “Ka sa takalminshi ka kai su nesa, don a nema inda ba ya. La'asar ta riske ka can, ka yi taimama. Na ƙirga yatsa goma a ƙasa, shi kuwa tara gare shi. Sannan wane mai hankali ka taimama ga gora cike gabanshi? Sai wanda ya san ruwan ba nashi ba ne.”

Muddassir ya sunkuyar da kai. “Alwala ba ta yi da ruwan sata, Inna,” ya ce a hankali.

Kabiru ya rasa ko dariya zai yi ko mari. Mutum ya jefa dattijo rijiya, amma yana tsoron kada alwalarsa ta ɓaci! Ya buga masa ankwa, ya juya ya ƙame ya sara wa tsohuwar, irin sarawar da yake yi wa manyansa. Jandarmomin biyu ma suka bi shi.

Tanna ba ta ko dube su ba. Ta kwance gorar da ta goyo tun daga gindin aduwa, ta tallafi kan Mushe, ta ɗiga masa kaɗan kaɗan a baki.

“Sha, Malam,” ta ce. “Ruwanka ne, ba wanda ya taɓa shi.”