Ƙafafun Tsohuwar Ramin Yumɓu

Ku matso, ku rage murya. Kun san Kawu Jatau, wanda ake turawa a keken guragu? Da ƙafarsa ya tafi Zariya karatun sassaƙa.

Da ya dawo, Kaka ya buɗe littafin Kawu, ya ga hotunan mutum-mutumin Turawa. Ya ce ba a gidansa za a yi gumaka ba. Ya watso masa kaya waje. Kawu ya kama ɗaki a bayan gari, ya koma ginin tukwanen fure. Shekara uku, babu wanda ya ce masa sassaƙa min ko da muciya.

Ran nan ya tafi ramin yumɓu na gindin dutse. Shi kaɗai, rana tsaka. Ba tsuntsu, ba iska. Yana cikin haƙa ya ji tari.

Wata tsohuwa ce zaune a bakin ramin. Zanenta fari sol, ko ɗigon laka babu.

"Sannu da hutawa, Iya."

"Kai ne mai sassaƙa," in ji ta. Muryar kamar daga cikin randa.

"Dā ke nan, Iya."

"Na daɗe ina zama gaban irinku. Mutanen kogo suka yi ni 'yar mitsitsiya, ciki da nono, ba fuska. Girkawa suka goge ni sumul, suka ba ni kyan da ba nawa ba. Rumawa suka bi tamojin fuskata ɗaya bayan ɗaya. Masu gina coci suka miƙar da ni kamar gora, suka kafe ni jikin ƙofa, ido a zare. Kowa ya ɗauki abin da yake so. Babu wanda ya ƙarasa ni."

Duk abin da ta lissafa yana cikin littafin nan na Kawu.

Sai ta ɗage zane.

Daga idon sawu zuwa ƙasa, dutse ne curi guda. Ba yatsu, ba diddige.

"Fitar min da su, ɗan nan."

Gudu ya kamata ya yi. Amma an nemi aikin hannunsa. Ya zaro guduma da ƙarfen sassaƙa daga jakarsa, don har yanzu bai rabu da su ba, ya durƙusa.

Yatsan farko ya fito, ya motsa. Nan take babban yatsan ƙafar Kawu ya yi sanyi. Na biyu ma haka. A na uku ya gane abin da ke faruwa.

Bai tsaya ba. Aikin yana kyau.

Da ya gama na goma, ta miƙe. Ta taka ƙasa, ta daɗe tana kallon sawunta.

"Madalla," ta ce. "Kai ma zauna. Wataƙila wani ya zo."

Mata masu itace suka tsince shi da la'asar, yana jan ciki. Asibiti suka ce ba su ga komai ba. Kaka kuwa ko leƙe. Cewa ya yi, "Abin da ya nema ya samu."

Ni na taɓa wanke masa ƙafa. Nauyi kamar turmi, sanyi ƙalau, yatsun duk sun manne. Ya dube ni ya ce, "Uwale, ba ƙafar ke cin raina ba. Aikin da ya fi kowanne a rayuwata, ya tashi ya tafi. Ko mutum ɗaya bai gani ba."

Don haka kada wanda ya je ramin nan shi kaɗai. In kuma an yabi hannunka a inda babu kowa, kada ka amsa.