Saƙon Aziza Da Ya Faɗa Wayar Kowa

Wata Asabar da hantsi Sharhabil ya fara shiga ajin koyon Python, yaren rubuta manhajar kwamfuta, da wasu matasa ke gudanarwa kyauta a Malali. Ya zauna can baya, ya buɗe tsohuwar kwamfutarsa, ya tsura wa allon ido yana dafe da kai.

"Malam, lafiya? Tun ɗazu nake ganin ka kamar wanda aka yi wa faɗa."

Ya ɗago. Budurwa ce cikin mayafi ruwan toka, da siririn gilashi a fuskarta, tana murmushi. Aziza ke nan, ɗaya daga cikin masu taimaka wa sababbin ɗalibai. Kimiyyar kwamfuta ta karanta, tana aiki a wata ma'aikatar jiha, ranar Asabar kuma ta ware ta don wannan ajin.

Ya ce mahaifinsa, Malam Rabe, tela ne a Babbar Kasuwar Kaduna, suna ɗinkin maza da na mata. Kullum wayar tsohon ba ta hutawa, kowa yana tambayar ko an gama nasa. Shi ya sa yake son ya rubuta ɗan kod, wato umarnin kwamfuta, da zai riƙa tura wa mutane saƙo idan ɗinkinsu ya kammala.

"Amma duk lambar wayar da na saka sai sifilin farko ya ɓace. Na kwana biyu ina fama."

Ta ja kujera ta zauna ɗan nesa da shi, ta leƙa allon.

"Ai kai ka ce wa Python lissafi ce. A lissafi sifilin da ke gaba ba shi da amfani, sai ta jefar. Lambar waya kuwa ba a tara ta, ba a raba ta. Kamar suna take. Bar ta a matsayin rubutu."

Ta nuna masa wata 'yar kalma, int, ta ce ya goge. Ya goge, ya sake gwadawa. Sifilin ya dawo.

"Shi ke nan?" ya ce baki buɗe.

"Shi ke nan."

"Malama, Allah ya saka miki da alheri. Wallahi har na fara tunanin kaina ne ba ya ja."

"Kanka yana ja. Tambaya ce kawai ba ka yi da wuri ba."

Ta tashi ta nufi wani ɗalibin. Shi kuwa har aka tashi bai ƙara fahimtar komai ba, domin idonsa ba ya kan allo.

Daga nan bai sake fashin aji ba. 'Yan ajin suna da zaure a WhatsApp inda kowa ke tura hoton kuskuren da ya ci karo da shi. Sharhabil ya zama na gaba wajen tambaya. Yau alamar baka ce ya buɗe a kod bai rufe ba, gobe fayil ya ƙi buɗuwa saboda ya rubuta sunansa ba daidai ba, jibi ya manta ɗan gibin da ake bari a farkon layi. Aziza ba ta taɓa rubuta masa amsa kai tsaye ba. Sai ta ce, "Karanta layin ƙarshe na jan rubutun nan, ka gaya mini me yake cewa." Haka ta koya masa ya daina tsoron kuskure.

Sannu a hankali tambayoyin suka tashi daga zaure suka koma wayarta ita kaɗai.

"Malama, yau ba ni da tambaya. Kawai ina so in ji kin isa gida lafiya."

"Na isa lafiya, Ɗalibi. Amma wannan ba ya cikin darasi."

"To a ƙara shi. Shi ne darasin da na fi ganewa."

Ta daɗe tana kallon saƙon tana murmushi ita kaɗai a ɗaki. Kafin damina ta wuce, Malama ta koma "Farin cikina", Ɗalibi ya koma "Sharhuna". Ta kai ƙawarta Nafisat shagon Malam Rabe ɗinki, ta kuma kai atamfofin mahaifiyarta, Hajiya Jummai, don tsohuwar ta ga irin gidan da yaron ya fito.

Hajiya ta yaba ɗinkin, ta yaba ladabin yaron. Amma mahaifin Aziza, Alhaji Lawal, wanda ya yi ritaya daga aikin gwamnati, da ya ji maganar aure sai ya girgiza kai.

"Ban raina sana'a ba, Aziza. Sai dai ga Salim, ɗan abokin aikina, mun san shi tun yana yaro, yana da aikinsa a ofis. Wannan kuwa ɗalibinki ne fa. Ke za ki yi ta koya masa har a gidan aure?"

"Abba, ai ba a haifi kowa da sani ba. Yana da gaskiya, kuma yana jin magana."

"Na ji. Ki bar maganar tukuna."

Ta bari, don ba ta saba yi wa mahaifinta musu ba. Salim kuwa ya ci gaba da zuwa gaisuwa da motarsa, yana zama da Alhaji suna hirar ofis.

Ana gab da azumi Sharhabil ya gama kod ɗin. Kod ɗin yana ɗauko sunan mutum da lambarsa daga fayil ɗin masu kawo ɗinki, ya jera gaisuwa da sunan, sannan ya ce ɗinki ya kammala. Murna ta cika shi. Ya ce a ransa, saƙon farko da wannan abu zai aika dole na Aziza ne. Ya cire maganar ɗinki ya rubuta abin da ke zuciyarsa, ya saka lambarta a sama, ya danna.

Abin da ya manta shi ne, umarnin da ke bin sunayen cikin fayil ɗaya bayan ɗaya yana nan bai taɓa shi ba. Lambar da ya rubuta a sama kuwa kod ɗin ko kallonta bai yi ba.

Aziza tana ofis da rana Nafisat ta turo mata hoto, babu ko sallama.

"Salamu alaikum Nafisat. Farin cikina, tun da na san ki komai nawa ya daidaita. Allah ya nuna mini ranar da zan kawo ki gidanmu. Naki, Sharhabil."

A ƙasa Nafisat ta rubuta, "Ƙawata, ki yi haƙuri, ba zan iya ɓoye miki ba."

Sunan da Aziza take jin nata ne ita kaɗai, ga shi a wayar ƙawarta. Kiran Sharhabil ya shigo, ta katse. Ya sake kira, ta kashe wayar gaba ɗaya. A cikin Keke Napep har gida tana share hawaye da gefen mayafi.

Tana shiga falo ta tarar da Alhaji a tsaye riƙe da wayar Hajiya, Salim na zaune a gefe yana danne dariya.

"Zo ki ga mutumin da kike so in ba wa 'yata."

Ta karɓa ta karanta. "Salamu alaikum Hajiya Jummai. Farin cikina, tun da na san ki..." Kalma ɗaya ba ta bambanta ba. Gaisuwar nan da suna a gaba kuwa ta san ta, domin tare suka tsara ta a aji. Nan take ta gane abin da ya faru. Sai ga dariya da kuka sun zo mata lokaci guda.

"Abba, wallahi kuskure ne. Kod ɗinsa ne ya tura wa duk masu ɗinki a shagon. Ni ya yi nufi."

"Ke ya yi nufi, matata ta samu. Mutumin da bai san abin da hannunsa ke yi ba, ta yaya zai riƙe gida? Kar ya sake tako min ƙofa."

A kasuwa abin ya fi haka muni. Wasu sun yi dariya, musamman mazan da aka kira "Farin cikina". Amma wani magidanci ya zo a fusace ya kwashe atamfofin matarsa ba a ɗinka ba, wasu suka biyo bayansa, ga lokacin ɗinkin Sallah ya kawo kai. Malam Rabe bai yi faɗa ba. Ya dai kashe keken ɗinkinsa ya zauna, wannan kuwa ya fi duka zafi a wajen Sharhabil.

Da Aziza ta kunna waya ta samu saƙonsa.

"Na ɓata sunan Baba, na kunyata ki a gidanku. Na rufe kwamfutar, ba zan ƙara taɓa ta ba. Ki yafe mini."

Ta mayar masa: "Na yafe, kai ma ka yafe mini da na zarge ka ban tambaye ka ba. Amma ban yarda ka rufe kwamfuta ba. Ka fara da mutanen da aka ɓata wa rai. Gyaran kod mai sauƙi ne, Sharhuna, za mu yi shi ranar Asabar."

Haka aka yi. Sharhabil bai tura saƙon ban haƙuri ba, da ƙafarsa ya bi. Unguwar Rimi, Kawo, Badarawa, duk gidan da ya san an ji haushi ya yi sallama da maigidan ya durƙusa ya yi bayani. Wasu suka haƙura har da tsokana, wasu suka ce sun ji amma ba za su dawo ba. A zauren 'yan aji kuma ya tura kod ɗin yadda yake, ya nuna layin da ya jawo masa, ya ce kowa ya kiyaye. Wata sabuwar ɗaliba mai sayar da turare ta rubuta, "Na gode, Yaya, irin wannan nake shirin yi gobe."

Ranar Asabar Aziza ta zauna da shi suka gyara. Yanzu kod ɗin sai ya nuna kowane saƙo da wanda za a aika wa, ya tsaya har sai an rubuta "eh" kafin ya tura.

Gidan Alhaji Lawal ya bari a ƙarshe, don tsoro. Bai san abin da ya faru a can ba. Salim ya ɗauki hoton saƙon Hajiya Jummai ya watsa wa abokansa don raha, har ya zagayo ya faɗo wayar wani ƙanin Alhaji. Ran Alhaji ya ɓaci ƙwarai. Ya kira Salim, shi kuwa ya ce ai wasa ne, kuma ba shi kaɗai ya tura ba.

Da Sharhabil ya yi sallama bayan La'asar, Alhaji ya bar shi tsaye a ƙofar gida na tsawon lokaci, sannan ya fito. Sharhabil ya durƙusa.

"Baba, na zo ba ku haƙuri, ku da Hajiya."

"An ce kwamfuta ce ta yi."

"A'a, Baba. Kwamfuta abin da na rubuta ta bi. Ni ne ban duba ba. Laifina ne."

Alhaji ya daɗe yana kallon sa. Ya yi shekaru a ofis yana jin ana ɗora laifi a kan masinja, a kan wutar lantarki, a kan wanda ba ya nan. Ya ce, "Tashi. Za ka iya kai ni wajen mahaifinka gobe?"

Washegari Alhaji Lawal ya zauna a benci a shagon Malam Rabe, ana ta ƙarar kekuna, suka yi doguwar hira. Ya tambayi maƙwabtan shago, kowa ya faɗi alheri. Yana nan zaune Sharhabil ya tura wa wata mata saƙo da kod ɗin, ba a jima ba ta zo ta karɓi ɗinkinta tana cewa wannan tsari ya hutar da ita zirga-zirga. Teloli biyu na layin ma sun riga sun roƙi a saka musu irinsa.

Da ya koma gida ya kira Aziza.

"Uwata, na yi gaggawar yanke hukunci. Ki ce ya turo magabatansa."

Ta durƙusa ta riƙe hannunsa, tana ta maimaita "Na gode, Abba." Hajiya Jummai daga kicin ta ce, "Ni dai a gaya wa surukina, in zai sake kirana Farin cikinsa ya fara neman izinin Alhaji." Har Alhajin sai da ya yi dariya.

Bayan Babbar Sallah aka ɗaura aure a masallacin unguwarsu a Malali. Alhaji Lawal ya fito cikin farar babbar riga wadda Malam Rabe ya zauna ya yi wa aiki da hannunsa. 'Yan aji suka cika sahu, Nafisat ce babbar ƙawar amarya. Da aka shafa fatiha Alhaji ya kamo hannun Sharhabil a gaban jama'a.

"Na ba ka ita da zuciya ɗaya. Ka riƙe ta amana."

Da yamma, motocin kai amarya na kan hanyar Katabu inda ya kama musu gida, wayarta ta yi motsi a ƙarƙashin lulluɓi.

"Matata. Na rubuta, na karanta, na sake karantawa, har yanzu ban gaskata ba. Duk abin da na iya ke kika tsaya har na iya shi. Na gode."

Ta share ido a hankali don kar kwalli ya ɓaci, ta rubuta:

"Ni ma na gode, mijina. Ka buɗe ƙofa, mun kusa."

Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka, ya sa su tsufa tare suna gode wa juna.