Jan Zaren Wuyan Malam Barau

Labarin da Mika'ilu ya rubuta ne ya kusa raba shi da Munira, kuma ita ce ta koya masa yadda zai rubuta shi.

A motar Gwaram zuwa Birnin Kudu suka haɗu. Shi mai gyaran waya ne a bakin tashar Gwaram. Ita malamar Hausa ce a wata sakandare, gidansu a Kiyako. Yana ta rubutu a wani littafi bisa gwiwarsa, mota na jijjiga shi, sai ta leƙa.

"Malam, wasiƙar wa ake yi haka da gumi?"

"Labari ne. Na wani gari, nan da shekara hamsin, bayan ruwa ya ƙare. An karɓe wa mutane sunayensu an ba su lamba. Wanda ya yi gardama ba ya sha."

Ta karɓa ta karanta har suka iso. Da za ta sauka ta ce, "Azzalumin naka ba shi da fuska. Yawan cewa mugu ne ba ya tsorata kowa. Ba shi wani abu da ido zai gani." Ta rubuta lambarta a bangon littafin.

Daga nan waya ba ta huta ba.

"Malamata, na gyara shafi na uku. Zuciyata ce ta ƙi gyaruwa tun ranar mota."

"Marubucina, ajiye zuciya tukuna. Kada ka bari jaruminka ya yi nasara. Irin wannan labarin gargaɗi ne. In ya ƙare da daɗi, mutane za su koma barci."

Ranar da ya fara zuwa gaisuwa Kiyako ya ga mahaifinta, Malam Barau. Shi ke riƙe da makullin famfon burtsatsen unguwa, a ɗaure da jan zare a wuyansa. Yana buɗewa da hantsi ya rufe kafin azahar, don kada inji ya ƙone. Jarkoki kuwa suna nan jere cikin rana.

Mika'ilu ya koma gida ya rataya wa azzaluminsa makulli a wuya. Ko jan zaren bai bari ba. Kuma bai nuna wa Munira labarin ba, ya tura wa abokansa marubuta a waya.

Akwai wani direba, Hambali, da ya daɗe yana neman Munira tana ƙi. Labarin ya faɗo hannunsa. Ya karanta shi da murya, ya naɗa, ya watsa a Kiyako. Mutanen can ba ruwansu da shekara hamsin mai zuwa. Habaici suka sani, habaici suka ji. Cikin kwana uku Malam Barau ya koma Mai Makulli. A layin ruwa mata na tsokanar juna: "Lamba tara, matso da jarkarki."

Malam Barau ya kira 'yarsa. "Shekara goma sha ɗaya ina gyaran injin nan da hannuna. Yau mai neman aurenki ya mai da ni Fir'auna. Kada in sake ganin ƙafarsa."

Ta rubuta wa Mika'ilu: "Na ce ka ba shi fuska, ban ce ka ba shi ta ubana ba. Baba ya daina zama ƙofar gida."

"Wallahi makullin na gani, ban ga mutumin ba."

"Ai shi ne laifin."

Wata biyu ba ta ƙara amsa masa ba. Ya rame. Sai da kawunsa Ɗanbala ya je Kiyako sau uku kafin Malam Barau ya buɗe baki. Sharaɗi ɗaya ya kafa: Mika'ilu ya sauya ƙarshen labarin, ya wanke Mai Makulli, ya karanta da bakinsa a ƙofar masallaci bayan la'asar.

Aka bar Mika'ilu da Munira suka gana a zaure.

"In na sauya, labarin ya mutu," in ji shi.

"Na sani. Ni na koya maka."

"Jarkokin suna nan cikin rana, Munira. Ban yi ƙarya ba."

"Ba ka yi ba. Baba ma bai yi ba." Ta share ido da gefen mayafi. "Ba zan ce ka sauya ba, marubucina. Amma ba zan shiga gidanka ubana yana sunkuyar da kai ba."

Ranar Laraba ya tsaya gaban jama'a ya karanta. A sabon ƙarshen, garuruwan maƙwabta sun shanye ruwansu sun watse, garin Mai Makulli kaɗai ya tsira, mutane suka zo suna neman gafararsa. Wasu suka yi dariya. Hambali ya ce ashe alƙalami ma yana durƙuso. Malam Barau dai ya gyaɗa kai, ya miƙa masa hannu.

Bayan girbi aka ɗaura aure. Malam Barau ya dafa kansu ya ce Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka, kowa ya ce amin. Kuma an samu zaman lafiyar. Suna son juna, ba mai musu.

A cikin kayanta Munira ta taho masa da sabon littafi mai kauri, ta rubuta lambarta a bango kamar ranar mota. Shekara biyu ke nan. Famfon Kiyako yana rufewa kafin azahar kamar kullum, littafin kuma ban da lambar nan babu komai a cikinsa.